Manhajar da Ta Ƙi Magana

Ƙarfe goma na safe, ruwa ake tsugawa, Yayata kuma sai zuba tsaki take yi. Wata uku ta kwashe tana haɗa manhajar da za ta riƙa kiran lambar marasa lafiya da murya. Ƙarfe sha biyu za ta gwada wa masu asibiti, in ba su ji komai ba aikin ya kuɓuce. Manhaja kuwa ta yi gum.

"Fayil yana nan, umarni daidai, ta nuna ta kunna! To ina muryar?"

"Ko a ba ta ruwa, Yaya? Ƙila maƙogwaro ne."

"Tashi ka ba ni wuri! Me mai facin taya ya sani?"

Na fice sumui-sumui. A ɗakina na ji wata 'yar murya kamar ta sauro daga aljihun rigata: "Lamba ta bakwai, a shigo." Ashe abin sauraron kunnena ne, marar waya. Jiya na haɗa shi da wayarta na saurari ƙwallo, na manta.

Na kashe shi. Nan take murya ta fito daga wayarta ta cika falo.

"Ka ji ko? Na gyara! Aikin nan sai masu ƙwaƙwalwa."

"Haka ne, Yaya," na ce. "Allah ya ƙara basira."