Gwiwar Malam Barau

Tun da aka ɗaure kowace na'ura da uwar manhajar birni, ƙafar ƙarfen Malam Barau takan tashi da nata ra'ayin. Yau ta ƙi lanƙwasuwa, ga shi da azahar za a kai yayansa makwanci.

Ya ja ta har rumfar Jummai mai gyara, yana ta duban rana.

"Baba, jiya suka sauya cikin uwar," in ji Jummai. "Sai na ga sabon tsarin zan iya sake haɗa taka, kuma ba su fitar ba tukuna."

"'Yar nan, gwiwa ce fa. Ina ruwanta da hanjin birni?"

"Haka aka gina ta."

Da makara ta fito, ya bi baya yana jan ƙafa. Bai makara ba. Masu ɗauke da gawar ma haka suke tafiya, suna jan nasu ƙafafun ƙarfen.