Awarwaron Inna Tabawa

Tun shekarar da asibiti ta fara ɗaura wa masu rawar hannu awarwaro mai tsayar da rawar, ko cokali bai ƙara suɓuce wa Inna Tabawa ba. Sai dai yatsunta sun daina jin zafi da sanyi.

Ran nan ta sirka ruwan wankan jaririn 'yarta Larai, ta tsoma hannu yadda ta saba shekara arba'in.

"Ya yi. Miƙo shi."

"Inna, dubi hannunki!" in ji Larai.

Fatar ta yi jawur, har ta fara tashi. Tabawa ta kama awarwaron za ta cire.

"Inna, likita fa ya ce in kin cire, rawar sai ta fi ta da."

Tabawa ta daɗe tana kallon hannun, yana tsaye cak kamar na wata daban.

"To sirka da kanki," ta ce. "Ni riƙo kawai na iya yanzu."