Akwatin Bulo na Zaure

Balaraba ta shigo wurin Malam Tasi'u, wanda ya koya mata rubuta manhaja, da kwamfutarta a buɗe. Mamaki ya fi yawa a fuskarta bisa ɓacin rai. Bara ta yi wa wani shagon magani a Gusau manhajar da ke nuna musu maganin da ya kusa lalacewa, ta miƙa aiki lafiya lau. Yanzu masu shagon sun nemi ɗan gyara, suna jira, ita kuwa ta rubuta umarnin da ke harhaɗa manhajar, ya ƙi tashi.

"Malam, ko wasali ban taɓa ba a cikin aikin nan."

"A cikinsa ba ki taɓa ba. Abin da ke harhaɗa miki shi, ina kika ajiye shi?"

"A kan kwamfutar gaba ɗaya, yadda kowane aiki zai same shi. Kwanan baya ma na sabunta shi saboda wani sabon aiki. Me zai sa in riƙa saka abu ɗaya a jakar kowane aiki, kamar mai tara gwangwani?"

Malam Tasi'u ɗan magini ne, kuma yakan koma gidan ubansa in zai yi bayani. Ya ce mata ta ja kujera.

A wani gari, in ji shi, akwai akwatin katako guda na buga bulo, yana rataye a zauren sarkin magina. Mai aiki ya zo ya ɗauka, ya buga bulonsa, ya mayar. Tsari ne mai kyau: ba wanda ya sayi katako, in ƙusa ta fita gyara ɗaya ya wadaci kowa. Magini ɗaya ne kawai ya fita daban. In ya karɓi ginin gida sai ya sa kafinta ya yi wa gidan akwatinsa, in ya gama ya rataye shi a can ya tafi. Abokan sana'a suna masa dariya, wai yana rabon gado tun bai mutu ba. Wani daga cikin masu dariyar ya fara gina wa wani manomi ɗaki, don iyalinsa sun yi wa gidan yawa. Gini ya kai taga, damina ta sauka, aka dakata. Kafin kaka akwatin zaure ya tsage, sarkin magina ya sa aka yi sabo, ya ɗan fi tsohon tsawo da kauri, domin masu sababbin gidaje suna son katanga mai ƙarfi. Ba wanda ya yi laifi, sabon ma ya fi kyau. Aka rataye shi a ƙusar da tsohon yake, ana kiransa da sunan da ake kiran tsohon.

Da rani ya yi nisa magini ya dawo, ya ɗauko akwati, ya buga bulo mai yawa bai auna ba, don mutum ba ya auna abin da ya tarar a inda ya bar shi. Ya jera layin farko, bulo ya leƙo waje da faɗin yatsa. Ya kai kusurwa, ta ƙi haɗuwa. Ya zargi yashi, ya zargi igiyarsa, ya zargi idonsa, sai da ya ɗora sabon bulo a kan tsoho a ƙasa sannan ya gane. Ya koma zaure neman tsohon akwati, an riga an dafa tuwo da shi. Ya roƙi a rage sabon, aka ce masa wasu gidajen sun yi nisa da shi, in an rage don kai nasu ne zai karkace. Dole ya ɗauki tsohon bulo ya kai wa kafinta a yi masa akwati daidai da shi, wato abin da yake yi wa wani dariya a kansa. Kafin ya sake buga bulo ya bushe, hadari ya haɗo, manomi da iyalinsa suka sake cin damina a cunkushe, suna kallon ɗaki ba rufi. Shi kuwa wancan maginin da ake yi wa dariya ya daɗe da barin garin. Wani baƙo da bai taɓa ganinsa ba aka kira ya ƙara ɗaki a ɗaya daga cikin gidajensa. Ya tarar da akwati a rataye, tsoho, ya ɓantare a gefe, ya fi na zaure gajarta. Da shi ya yi aikin, har yau ba mai iya nuna inda tsohon gini ya tsaya sabo ya tashi.

Balaraba ta ce, "To tsani da baro fa, Malam? Su ma kowane gida da nasa?"

"Tsani ba ya barin siffarsa a jikin katanga, Hajiya. Wannan a bar shi a zaure, kowa ya ara. Abin da ke ba aiki siffa shi ne ke kwana tare da aikin. Nemo wanda kika yi amfani da shi bara, da lambarsa, ki saka shi a jakar masu maganin nan, ki bar sabon aikinki da nasa."

"Tsoho ne fa, an wuce shi."

"An wuce shi, amma na gidan ne. Guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni."