Hutun Lurwanu a Bukkar Bakin Teku

"Yau ma ruwa ya hana ni fita, Nuf," in ji Lurwanu a saƙon murya. "Bukkar katako ce, teku a gabana, kurmi a bayana. Saurari yadda ake tsuga shi."

Ya miƙa wayar wajen ƙarar ruwan, ya tura mata saƙon.

Ya gaji da zaman ɗaki. Abincinsa ya kusa ƙarewa, kuma ko ƙofa ba ya iya leƙawa. Amma tunda labarin hutun Malesiya ne ya sa Nuf ta fara kula shi, ta daina zancen wani Ayman mai mota, gara ya daure.

Can sai ga amsarta, tana magana a hankali.

"Ruwan da daɗin ji, ya Lurwanu. Sai dai kiran la'asar ɗin da ke tashi a bayanka na masallacinmu ne na unguwar Ka'akiyya, nan Makka. Ba zan kasa gane muryar Babana ba. Rufe famfon nan, ka fito salla. Tun shekaranjiya yake tambayar ko lafiya ba ya ganin ka a sahu."