Talabijin Uku a Motar Misye Alber

Lahsan, ajiye wayar nan. Ijju, miƙa wa mijinki yarinyar ki zo ki zauna. Magana ce kan tsohon nan na sansanin motoci, wanda kuke kira Misye Alber. Mai sansanin ya gaji da ƙazantarsa, ya ba shi zuwa Juma'a ya kwashe motarsa. Shi kuma ya roƙi a bar shi ya shigo da ita tsakar gidanmu. Kar wanda ya buɗe baki sai na kai aya.

Da farkon sanyi ya iso garin nan namu Mirleft, cikin ayarin Turawan da ke gudo mana duk shekara da motocinsu masu gado da murhu. Mota mai lambar Faransa, baƙin tabarau, gemu a aske tas, ba ya magana sai da Faransanci. Kowa na rububin wurin da ke kallon teku. Shi ya wuce can ƙarshe, gindin bishiyar turare, kusa da bola, inda katanga ta zube rabi.

Kwana biyu ya aiko shagonmu, wai talabijin ba ta kamawa. Na je da kaina, don tun kuna rarrafe ba uba, ni ke kwance rediyo da talabijin a garin nan, kuma ba ɗan da ya koya min. Yana buɗe ƙofa na leƙa ciki. Gwangwanayen kifi a buɗe, ƙudaje, jiƙaƙƙiyar safa a kan murhu, ga bokitin bayan gida da ya kwana ya yini. Na dube shi sau ɗaya, ban ƙara ba.

Da ɗan Faransancina na kasuwa na ce, "Misye, bishiya ce ta tare. Matsa gaba taku goma, hoto zai zo."

Ya ce, "A'a, madam. A canja eriya."

Aka canja. Kai ka hau, Lahsan, ka cire tsohuwar eriyar ka ɗora farantin dish. Bai kama ba. Bayan mako ya ce farantin ya yi ƙarami, ka ɗora babba. Sai dikoda. Sai sabuwar waya daga rufi har ciki. Sai ya ce ai laifin talabijin ɗin ne, aka kawo ta biyu daga birnin Tiznit. Duk mai motar da ke sansanin ya faɗa masa ya matsa daga gindin bishiya, har wata tsohuwar Bajamushiya ta zana masa a takarda. Taya ko ɗaya ba ta juya ba.

Ka tuna abin da ka ce kana kan tsani, da yarenmu? "Inna, jakin nan ko tauraron ɗan adam ɗin aka sauko masa da shi kan rufi ba zai ga komai ba." Ya sunkuya yana goge tabarau, ya daɗe yana gogewa.

Ke kuma, Ijju, Juma'ar da kika yi kuskus na sadakar babanku, kika aika sansani da babban akushi. Turawa suka ɗanɗana da cokali suna yaba miki. Shi ya naɗe hannun riga, yana dunƙulawa a tafi yana jefawa baki. Ya cinye, ya ce a ƙaro, sannan ya ce kabewar ba ta nuna ba. Ranar ban iya cin abinci ba.

Jiya na kai masa talabijin ta uku. Na toshe hanci da mayafi na shiga. Ta biyun tana nan da ledarta a fuska, ko ɓarewa bai yi ba. Na ɗaga rimot, ba batir a ciki. Kujerarsa, wadda ta lotsa saboda zama, ta juya wa talabijin baya, tana fuskantar taga. Na duƙa na leƙa. Ta wurin zubabbiyar katangar ana ganin ƙofar gidan nan sarai, da igiyar shanyarmu, da dakalin da jikokina ke wasa.

Na ajiye Faransanci. Na ce, "Wata huɗu kana leƙe kamar ɓarawon kaji. Ba ka gaji ba?"

Ya cire tabarau, ya amsa da yarenmu, ko gargada babu. "Ashe kin gane, Fadma."

"Tun ranar farko. Ka tara ƙarafa a kan rufi kamar ɗan gwangwan, don kawai Lahsan ya riƙa zuwa yana zaginka?"

Ya ce, "Ko zagin ne, ai muryarsa ce."

Sai ya fara kuka, majina na sauka har leɓe. Wai matarsa ta can ta mutu, 'ya'yanta sun sayar da gida, motar nan kaɗai ta rage masa, ga ƙirji ya lalace. Wai ko bakin ƙofa ne a bar shi. Namiji mai furfura, da ƙafafunsa biyu, ya kasa tsallako titi ɗaya ya yi sallama, amma ya iya zama cikin wari yana kallon mutane ta taga. Na fito na tofar da yawu.

Ni dai ko kofin shayi ba zan wanke masa ba, ku san wannan. Amma gidan nan naku ne kamar yadda yake nawa, kuma ƙarya ɗaya tak na taɓa yi muku, yau shekara talatin da takwas. Ku yanke kafin Juma'a, a buɗe masa ƙofa ko a bar shi da bolarsa, don tsohon nan Mbarak ne, ubanku, wanda na ce muku ramin kwal ya rufta da shi a Faransa.