Ɗumin Ranar Lahadi

Doña Herminda ta ja layi da jan biro a ƙarƙashin lambar, karo na arba'in da ɗaya.

Shekara ashirin da shida ke nan tana ofishin yanayi na Punta Arenas. Tashoshin da ke can ƙasar ƙanƙara su aiko da awon sanyi da iska duk bayan awa uku, ita kuma ta tace kafin a shigar kundi. Ba ta ga ƙofar jami'a ba, amma lambar ƙarya ba ta taɓa wucewa ta gabanta ba.

Tashar da ta fi kowacce nisa ce ta hana ta sakat. Mutum bakwai ne a can, mai yi musu awo Nibaldo. Litinin zuwa Asabar lambobinsa tsaf. Ran Lahadi kuwa, daga sha biyu zuwa uku, sai sanyi ya ragu da digiri huɗu, alhali sauran tashoshi ba su ga komai ba. Haka ma ranar bikin 'yancin kai, wadda ta faɗo Alhamis.

Ta kira shi a oba-oba.

"Kai Nibaldo, da gemunka? Ka sha barci ran hutu, ka tashi ka zana min abin da ka ga dama?"

"Haba Doña! Abin da ma'auni ya nuna shi na rubuta. Ko gashin hancina daskarewa yake a wurin akwatin ma'aunin nan."

"To ka haɗa kayanka."

Ta rubuta a kore shi, a kuma zubar da awon shekarar baki ɗaya. Shugabanta, Don Belisario, ya ce sai ya gani da idonsa kafin ya sa hannu. Ya hau jirgin kai kayan abinci ran Asabar, da ragon da aka feɗe a gefensa, don ba ya zuwa wa mutane hannu rabbana.

Lahadi, sha biyu da minti biyar, muryarsa ta shigo ta oba-oba, ana ta shewa a bayansa.

"Herminda, yaga takardar nan! Ni na buɗe akwatin, ni na karanta. Yau ma har digiri biyar! Mutumin nan mai gaskiya ne. Ina jin mun gano abin da duniya ba ta sani ba."

Ta yaga. Ta ji kunya, abin da ba ta saba ba, har ta ce a gaida Nibaldo.

"Amma Don, da wannan tumbin naka, yaya ka isa akwatin cikin iskar nan a kan lokaci?"

Ya bushe da dariya.

"Wace tafiya? Tun sha ɗaya ina gindinsa ina juya rago. Ai nan suke hura gawayin gashi duk Lahadi da ranar biki, ƙafafun akwatin sun yi daidai da rataye nama!"