Isaka a Bakin Gada

Ƙawata Balkisa, ki yi haƙuri da rubutuna, ba a lakwal, makarantar boko, na koya ba, a jikin buhunan taimako na haɗa baƙaƙen. Labarin wata tsohuwa zan ba ki, Inna Asma'u ta unguwar Harobanda, can hayin kogi.

Shekarar da soja suka karɓi mulki, kwana tara ke nan Inna ba ta sa komai a baki ba sai ruwa. Ɗanta Isaka, direban kamiyo, babbar motar kaya, ya ɗauki hatsi zuwa arewa tun lokacin sanyi. Abokin tafiyarsa Idrisa ya dawo shi kaɗai, leɓe duk a tsage. Ya ce mota ta mutu bayan Tahoua, ruwa ya ƙare, Isaka ya tafi neman rijiya da ƙafa. Ba a ga gawa ba, ba a ga takalmi ba.

Wata biyar ana jira. Daga baya malamin unguwa ya ce wanda ya ɓace cikin yunwa irin wannan, a lissafa shi cikin mamata. Aka sa ranar Juma'a don sadaka, ranar kuma matarsa Lami za ta shiga takaba. Tun daga jin haka Inna ta juya fuska ga bango.

Ranar Laraba aka yi shelar rabon jar dawa a kasuwar Katako, kowane kai tiya ɗaya, amma sai mutum ya zo da kansa. Lami ta goya ɗanta, ta tallafi Inna har suka ƙetare gada. Kogin ya janye, yara na tafiya a tsakiyarsa.

Ba a ba da dawa sai an kalli sinima. Aka tura su cikin wata magaza ta ajiyar kaya da rana tsaka, aka toshe tagogi da buhuna, aka haska farin zane. Ga shanu matattu, ga rumbuna wayam. Wata murya ta ce wannan aikin waɗanda aka kora daga mulki ne. Sai ga motocin soja, sai ga jama'a maƙil a bakin gada suna tafi, kogi cike a bayansu. Muryar ta ce ga murnar talakawa washegarin juyin mulki.

Isaka ɗan fari ne, Inna ba ta taɓa kiran sunansa ba don kunya. Ranar ta miƙe tsaye cikin mutane ta kwarma shi.

Shi ne kuwa. Yana dariya, kumatu cike, hula a karkace, yana ɗaga hannu. Ƙiftawa uku, ya wuce.

"Ku mai da shi baya! Ɗana ne!"

Mai injin ya ce ba a mai da sinimar gwamnati baya. Inna ta bar layin dawa, ta zauna ta kalla tare da rukuni na biyu, da na uku. Lami na gefenta, ta ja mayafi ta rufe fuska.

Washegari Inna ta ce sai ta ga wanda ya ɗauki hoton. Suka yini daga wannan biron gwamnati zuwa wancan, ana korarsu da Faransanci, Inna na faɗuwa Lami na ɗagawa. Da la'asar wani mai gadi ya ji tausayi ya nuna musu ƙofa.

Mai haɗa sinimar, wanda ake kira Mushe Tanimu irin na Faransawa, na zaune cikin zaren hoto da ya rataya kamar kilishi, almakashi a hannunsa. Bakin ƙofa wani soja na kan kujera yana sakace.

Inna ta durƙusa, ta kama ƙafar wandonsa.

"Ɗan nan, don girman Allah. Mutanen bakin gada, yaushe ka ɗauke su? Gobe za a yi wa ɗana sadakar mutuwa."

Tanimu ya dubi tsohuwa, ya dubi sojan. Sojan ya daina sakace.

"Inna, ai kin ji abin da sinima ta ce."

"Daga bakinka nake so."

Tanimu ya sake duban sojan. Ya ajiye almakashin.

"Washegarin juyin mulki," in ji shi.

Inna ta ƙirga da yatsu. Wata biyu cur bayan ɓatansa. Ta yi sujada nan kan siminti, ta tashi tana sa wa Tanimu albarka har jikokinsa, shi kuwa ya kasa ɗaga kai.

A hanya ta ce da Lami, "Kin gani? Ɗan banza, yana gari yana cin mai kyau, kunyar motar mutane ce ta hana shi gida. Bari ya zo, zai ji bakina." Da suka isa ta shanye kwano guda na kunu, ta nemi ƙari. Ta aika wa malam a fasa sadaka. Ta ce duk wanda ya sake ambaton takaba a gidanta, ba ita ba shi.

Shekara huɗu ke nan. Inna ta yi ƙiba, kullum tana zuba tuwon Isaka a rufe. Mutum biyu sun zo neman Lami, an ce musu matar aure ce.

Ita Lami, tun daga waccan Juma'ar ta bar kwalli da turare wata huɗu da kwana goma. Ta ce wa Inna ciwon ido take yi.

Balkisa, don Allah ki ƙona takardar nan, kada ki faɗa wa kowa, ran tsohuwa na rataye da wannan sirri. Ni ce Lami, kuma ranar da aka ɗauki hoton nan ina tsaye bayan Isaka da cikin ɗanmu, shekara biyu kafin zuwan soja, muna yi wa shugaban da suka hamɓarar tafi.